Gansakuka: Abin Da Jami'o'i Suka Gano Game Da Ita, Da Dalilin Kiyaye Ta



Jawabin yau ya shafi wani ɗan tsiro ne wanda kowa ya san shi da ido, amma kaɗan ne suka san amfaninsa, watau gansakuka. Idan damina ta yi nisa akan gan ta ta yi kore shar a gindin katanga, da bakin rijiya, da jikin tsofaffin itatuwa, da kan duwatsu masu inuwa. Yawancin mutane ƙazanta suka ɗauke ta, abin kankarewa a zubar. Amma a jami'o'in duniya, har da na ƙasar nan, akwai shaihunan malamai da suka ƙarar da rayuwarsu wajen nazarinta. Ya kamata jama'a su san dalili, gama Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Mece Ce Gansakuka?

Da farko sai a bambanta abu biyu da Bahaushe ke kira da suna ɗaya. Akwai koren yauƙin nan da ke rufe kududdufi, akwai kuma ɗan tsiron da ke shimfiɗa a tudu kamar darduma, mai ƙananan ganye. Wannan na biyu shi ake nufi a nan. Masana sun ƙidaya irinsa wajen 12,000 a duniya. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, ba shi kuma da saiwa ta sosai, sai 'yan zarurruka da yake manne wa dutse ko ɓawon itace da su. Yana yaɗuwa ne ta wani gari mai laushi da iska ke ɗauka. Wani malamin Jami'ar Laifzig a Jamus, mai suna Johann Hedwig, shi ya aza harsashin wannan fanni, kuma littafinsa da aka buga a 1801 shi ne mafarin sunayen da masana ke kiran yawancin ire-irenta da su har yau.

Da yake ba ta da saiwa, gansakuka ta jikin ganyenta take shan ruwa da abinci, daga ruwan sama da raɓa da ƙurar iska. A riƙe wannan magana da kyau, domin a kanta yawancin amfaninta ya rataya.

Mai Gadin Iska

Tun da daga iska take ci, duk gubar da ke cikin iska a jikinta take taruwa. A 1968 waɗansu malamai biyu na Jami'ar Lund a ƙasar Suwidin, Ruhling da Tyler, suka nuna cewa idan aka ɗebo gansakuka aka auna dalmar da ke jikinta, za a gane yawan dalmar da ke sauka daga sama a wannan wuri. Dabarar ta karɓu ƙwarai, har ya zama tun daga 1990 ƙasashen Turai da dama suna haɗa kai duk bayan shekara biyar su tattara gansakuka daga dubban wurare, su zana taswirar gurɓatar iska.

Nijeriya ba a bar ta a baya ba. A Jami'ar Ibadan, Farfesa Adeyemi Egunyomi ya yi nazarin rayuwar wata farar gansakuka mai suna Octoblepharum albidum, wadda ke fitowa a jikin itacen kwakwar manja. Cikin shekarun 1980 shi da abokan aikinsa na sashen ilmin haɗa sinadarai suka auna dalma da tutiya da tagulla a jikin gansakukar kudu maso yammacin ƙasar nan, domin a gane halin da iskar yankin ke ciki. A Jami'ar Ife kuma an yi nazarin yadda haihuwar gansakuka ke bin zuwan damina da rani.

Amfanin wannan a fili yake. Na'urar auna iska tana da tsada, tana kuma bukatar wutar lantarki da gyara. Gansakuka kuwa tana nan kyauta a bakin hanya da bayan masana'anta, dare da rana tana tara shaida. Wanda ya tuna yadda gubar dalma ta halaka yara fiye da 400 a Jihar Zamfara a 2010 ba zai raina wata hanya mai sauƙi ta gano guba tun da wuri ba.

Ruwa Da Ƙasa

Gansakuka kamar soso take. Akwai wata irinta ta ƙasashen sanyi mai suna Sphagnum, wadda ke riƙe ruwa kusan ninki ashirin na nauyinta idan ta bushe, har aka riƙa ɗaure raunukan sojoji da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918. A kan duwatsu masu daji, gansakukar da ke lulluɓe rassa tana kama ruwan gajimare da raɓa, ta riƙa sakinsa sannu a hankali. A ƙasa kuma tana rage ƙarfin ɗigon ruwan sama, ta hana zaizaya. A 2023 wani babban bincike da malaman Jami'ar New South Wales ta Ostareliya suka jagoranta ya ƙiyasta cewa gansakukar da ke kan ƙasa ta rufe fili fiye da murabba'in kilomita miliyan 9 a duniya, kuma ƙasar da ke ƙarƙashinta ta fi tsirarar ƙasa riƙe abincin shuka da sinadarin kabon.

Ga ta kuma da juriya. Da rani takan bushe ƙayau kamar ta mutu, amma da an yayyafa mata ruwa sai ta farfaɗo. A 2014 masana daga Jami'ar Reading ta Ingila da hukumar binciken Antatika ta Birtaniya suka tayar da wata gansakuka da ta shekara wajen 1,500 a daskare cikin ƙasa. Saboda haka masu binciken aikin gona ke son gane sirrinta, ko a sami hanyar ƙara wa hatsi jure fari.

Yadda Ake Koyarwa

Ɗalibin ilmin tsirrai yakan fara saduwa da gansakuka tun a shekarunsa na farko a jami'a. Akan fita da shi daji da ɗan madubin hannu mai ƙara girman abu, ya ɗebo kaɗan, ya sa a ambulan ta takarda, ya rubuta wuri da rana da abin da ta fito a kai. A ɗakin bincike sai ya jiƙa ta, ya duba ganyenta da babban madubi har ya gane sunanta, sa'an nan a adana ta a ma'ajin busassun tsirrai. Waɗannan ambulan su ne tarihi: da su ake gane abin da ke wuri jiya wanda babu shi yau. Sai dai masu ƙwarewa a wannan fanni kaɗan ne a Afirka, shi ya sa har yanzu akwai duwatsu da dazuzzuka da ba a gama sanin abin da ke cikinsu ba.

Abin Da Ke Barazana Gare Ta

Wuraren da gansakuka ta fi yalwa a ƙasar nan su ne dazuzzuka masu danshi na kudu, da na tsaunuka irin su Obudu a Jihar Kuros Riba, da Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, da Gashaka Gumti inda dutsen Chappal Waddi ya kai tsawon mita 2,419. Abokan gabanta su ne saran daji, da gobarar daji, da fasa duwatsu, da hayaƙi. Idan aka sare itace ɗaya, ba shi kaɗai ya tafi ba: inuwa ta tafi, danshi ya tafi, duk abin da ke manne a jikinsa ya ƙone da rana. Gansakuka kuwa girmanta a hankali ne, abin da aka ɓata cikin yini ɗaya sai ya ɗauki shekaru bai dawo ba.

Kira Ga Jama'a

Ana roƙon manoma da mafarauta da makiyaya su guji cinna wa daji wuta, su kuma bar itatuwan bakin rafi da na kan tudu a tsaye. Ana roƙon sarakuna da masu unguwanni su ba ɗalibai da malamai haɗin kai idan sun zo ɗiban samfuri. Malaman makarantu su nuna wa yara wannan tsiro a jikin katangar makaranta, tun kafin su gan shi a littafi. Matasa masu shirin shiga jami'a kuma su sani cewa ga fanni nan da ke neman ma'aikata.

Allah ya ba ƙasar nan damina mai albarka, amin.