Kalmar Umarni da Rumbun Faya-fayai



Wani zai ce, me ya haɗa malamin Hausa da kwamfuta? To, abin da ya haɗa mu shi ne umarni. Mai kula da na'ura yakan rubuta mata jimlar umarni a layi guda, ita kuwa sai ta aikata abin da aka rubuta, ba ruwanta da abin da aka nufa.

A shekarar 1988 ne masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Amurka, watau Patterson da Gibson da Katz, suka buga bayanin dabarar da suka kira RAID. Dabarar ita ce a gama faya-fayan ajiya da yawa su zama rumbu ɗaya, yadda in wani ya lalace, abin da aka adana ba zai salwanta ba. Rumbu mai mataki na 5 yana bukatar aƙalla faifai 3, yana kuma jure lalacewar ɗaya. Mataki na 6 kuwa faifai 4 yake bukata, yana jure lalacewar biyu.

A tsarin Linux, shirin da ke kula da rumbun nan sunansa mdadm, wanda Neil Brown ya fitar a 2001. Bayan sunan shirin akan rubuta zaɓi, shi ne kamar aikatau a jimla. Alal misali, --detail yana bayyana lafiyar rumbu. In faifai ya soma ciwo, sai a ayyana shi matacce da --fail, a cire shi da --remove, a sa sabo da --add, shirin ya sake cika shi daga 'yan'uwansa.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Akwai zaɓi biyu, --assemble da --create, waɗanda Bahaushe zai iya fassara su duka da kalmar "haɗa". Kowane faifai yana ɗauke da ɗan rubutun shaida mai nuna rumbunsa da matsayinsa a jere. Zaɓin farko karanta shaidar nan yake yi, ya tayar da rumbun da ma yake nan. Na biyu kuwa sabuwar shaida yake rubutawa a kan tsohuwar. In aka yi haka ga rumbu mai kaya, aka kuma saɓa jerin faya-fayan, to, ana iya asarar aikin shekaru. Shirin yakan nemi tabbaci, amma mai gaggawa ba ya tsayawa karatu. Magana zarar bunu ce. Saboda haka mai hankali yakan fara da --examine, wanda ke duba shaidar ba tare da ya taɓa ta ba.

Shawarata ga masu koyar da fannin nan da Hausa ita ce, su ce "tayar da rumbu" ga na farko, "kafa sabon rumbu" ga na biyu, kada su bar "haɗa" ta ɗauki nauyin duka biyun.

A nan zan dasa aya.