Sunayen Dabbobi a Karar Maigatari da Asalinsu



Duk wanda ya shiga karar Maigatari ranar Alhamis ya san dillali ba ya tsayawa a kan "sa" ko "rago". Kowace dabba da sunanta, kuma sunan kan faɗi hannun da ta fito.

Ku dubi shanu. Farin sa mai baƙin kunne Bunaji ne, ja mai dogon ƙaho Rahaji, mai gajeren ƙaho da yalwar leɓe kuwa Bokoloji. Wannan "ji" da ke ƙarshensu ɗafin jam'i ne na Fulatanci. Mun karɓi sunayen daga makiyaya yadda suke, har muna kiran sa guda da sunan garke. A tumaki ma haka: Uda, mai gaba baƙi ko ja da baya fari, sunan Udawa ta ɗauka, Fulanin da suka shahara da kiwonta. Wadda muka saba da ita a gida kuwa ba mu wahalar da kanmu ba, muka ce 'yar ƙasa.

Daga arewa, ta iyakar Nijar, Buzaye suka kawo nasu. Doguwar akuyar nan mai tsayin ƙafa ana ce mata buzuwa. Masana harshe sun nuna cewa raƙumi kansa, da amale, daga harshen Abzinawa suka shigo Hausa. Ashe fataucin Sahara yana nan a bakin yaron da bai taɓa wuce Gumel ba.

Ga inda abin ya shafe mu. Littafin koyar da aikin gona yana kiran Bunaji da White Fulani. Ɗalibin da ya zo daga Gagarawa ko Sule Tankarkar, wanda ke bambance karsana da saniya tun daga nesa, ya san taure ba bunsuru ba ne, sai ya faɗi tambaya a kan dabbar da ya ba dusa da safe. A ganina wannan rashin adalci ne, kuma gyaransa yana hannunmu.

Shawarata ita ce, a zangon karatu mai zuwa kowane malamin Hausa ya haɗa kai da malamin aikin gona, su sa ɗalibai su tambayo iyayensu da dillalai sunayen dabbobi, da launinsu, da inda suka ji sunan ya samo asali. A rubuta kowanne gefe da gefe da na littafi, a miƙa wa sakataren reshe kafin hutu.