ƘAUYEN INGILA DA BAI KEWAYE GONAKINSA BA

Jawabin wannan wata a kan wani ƙauye ne na ƙasar Ingila mai suna Lakston, a lardin Notingam. Ƙauye ne ƙarami na manoma, amma masana tarihi daga ƙasashe da yawa suna zuwa kallon gonakinsa. Dalili shi ne, a duk Ingila nan ne kawai aka ci gaba da rabon gona irin na da, tare da kotun da take lura da shi.

A 1066 wani basarake mai suna Wiliyam ya ƙetaro teku daga Nomandi ta ƙasar Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Bayan shekara ashirin, a 1086, ya aika malamai gari-gari su rubuta wa ke da ƙasa, garma nawa ce a wurin, mutum nawa ne, da abin da wurin yake kawowa. Sun rubuta wurare fiye da 13,000. Littafin, wanda ake kira Dumsde, yana ajiye a Landan har yau, kuma sunan Lakston yana ciki. Haraji sarki yake nema, ba tarihi ba, amma da wannan littafi ƙauyuka da yawa suka san tsufansu.

A wancan zamani kowane yanki yana da ubangidansa, wanda ƙasa take hannunsa. Talakawa su yi masa aiki a gandunsa ko su biya shi haya. Akwai kuma gundumar coci, inda manomi yake ba da kashi ɗaya cikin goma na amfanin gonarsa. Daga 1538 aka umarci limaman coci su riƙa rubuta wankan baftisma da aure da jana'iza, kuma da waɗannan littattafai Turawa suke gano kakanninsu.

To, yaya gonakin suke? Ba a ba mutum gonarsa wuri ɗaya. Ana da manyan filaye, an yayyanka su ziri-ziri, dogaye marasa faɗi, ba shinge tsakaninsu. Manomi ɗaya sai ya sami ziri nan, ziri can, wani a ƙasa mai kyau, wani a mara kyau. Ta haka ba wanda zai kwashe mai kyau shi kaɗai. A 1635 wani mai awon ƙasa, Mak Piyas, ya zana taswirar Lakston, ya nuna zirin gona fiye da 2,000 da sunan mai noma kowanne. Taswirar tana ɗakin karatu na Jami'ar Oksfod.

Filayen Lakston uku ne. Ɗaya a shuka masa alkama kafin sanyi, na biyu a shuka masa wani abu kamar sha'ir bayan sanyi, na uku a bar shi ya huta. Baɗi sai a juya. Akwai kuma wuraren ciyawa a tsakanin gonaki da ba a taɓa nomewa, kowace shekara a yi gwanjon ciyawarsu.

Sauran ƙauyukan Ingila sun rabu da wannan tsari. Daga 1604 zuwa 1914 majalisar dokoki ta yi dokoki fiye da 5,000 na haɗe gonaki a kewaye su da shinge. Amfanin gona ya ƙaru, gaskiya ne. Amma mai saniya ɗaya da yake kiwo a makiyayar gari ya rasa wurin kiwo, da yawa suka koma ƙwadago ko suka tafi birni. Lakston ta tsira ne domin manyan masu ƙasar wurin sun daɗe ba su daidaita kan yadda za a raba ba, har zamanin ya wuce.

Gona ba shinge, dole a sami mai cin iyaka. Maganin da suka yi masa shi ne abin sha'awa. Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Nuwamba, manoma goma sha biyu da shugabansu suna zaga filin da ya huta, ɗauke da turaku na katako da guduma. Duk inda garma ta ci hanya ko wurin ciyawa, su kafa turke a kan iyakar gaskiya, su rubuta sunan mai laifi. Bayan kamar mako guda kotun ƙauye ta zauna a gidan saukar baƙi na garin. A kira sunan kowa, a karanta laifi, a ci tara. Tarar ba ta da yawa. Abin da ya fi ciwo shi ne a karanta sunan mutum a gaban maƙwabtansa, waɗanda ya san baɗi ma su ko shi za su riƙe gudumar.

A 1977 aka yi dokar da ta karɓe ikon shari'a daga irin waɗannan tsofaffin kotuna, amma aka bar wa ta Lakston nata. Ƙasar kuwa ta sha canza hannu. Gwamnati ta saye ta a 1952 don kada tsarin ya mutu, a 1981 ta koma hannun hukumar kadarorin sarauta, sannan a 2020 aka sayar da ita ga gidan Torsbi, wato gidan da yake da ita kafin gwamnati ta saya. Manoman haya suke biya. Da tarakta suke noma zirinsu yanzu, ba da shanu ba.