Amsar Wasiƙunku: Wane Fayif Ya Kamata a Binne Daga Rijiya Zuwa Gida?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani manomi a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Ringim, jihar Jigawa. Wasiƙar doguwa ce, to amma ga abin da ta ƙunsa a taƙaice.

Malamin ya ce yana da rijiyar burtsatse a lambunsa, da injin sola mai tura ruwa cikin tanki, tankin kuma yana bisa ƙarfe mai tsawon mita 6. Gidansa na nesa da lambun da kimanin mita 300, kuma kullum yara ne ke jidar ruwa a ka kafin su tafi makaranta. Bara ya sayi farin fayif na roba mai rabin inci, ya sa aka binne masa, zurfin bai wuce taƙi ɗaya ba. Tun ranar farko ruwan ɗigowa kawai yake yi, da damina ta zo kuwa garmar shanun maƙwabcinsa ta tsinke fayif ɗin wuri biyu, har magana ta kai gaban mai unguwa. Yanzu ya sayar da ridinsa, yana so ya sake aikin, yana tambaya wane fayif zai saya, kuma yaya za a binne shi, domin in ji shi, in kuɗin nan suka salwanta ba shi da wasu sai baɗi.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya sa albarka a kuɗin ridin. Kafin in amsa sai da na zauna da masu aikin famfo, muka kuma yi lissafi a takarda. Bari in fara da inda aka fi yin asara, wato faɗin fayif, tun kafin mu zo kan irinsa.

Ruwa idan yana tafiya cikin fayif yana gugar jikin fayif ɗin, wannan guga kuwa tana cinye ƙarfinsa. Gwargwadon tsawon hanya da ƙuncin fayif, gwargwadon ƙarfin da zai ɓace. Kai kuma ƙarfin da kake da shi duka-duka shi ne tsawon tankinka, mita 6, a cire mita 1 na tsayin famfon gida, saura mita 5. Da waɗannan mita 5 za ka tura ruwa tafiyar mita 300. In ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu hawa babu gangara, lissafi ya nuna fayif mai rabin inci zai ɗauki kusan minti 4 kafin ya cika jarka mai lita 20. Mai kashi uku cikin huɗu na inci zai cika ta a kamar minti 2. Mai inci ɗaya kuwa, kusan minti 1 ya isa. Ka ga ke nan ba rijiyarka ce ta gaza ba, ba kuma mai aikin ne ya yi maka wani sihiri ba, fayif ɗin ne ya yi ƙanƙanta. Mutane da yawa na zaton in an ninka faɗin fayif sau biyu, ruwa ma sau biyu zai ƙaru. A'a, kusan sau shida yake ƙaruwa. Saboda haka ni dai shawarata kada ka sauka ƙasa da inci ɗaya, wanda a jikin fayif na roba za ka ga an rubuta milimita 32. In kana da niyyar shayar da dabbobi a gida, ko ka san maƙwabta za su riƙa zuwa ɗiba (kuma za su zo, ka sani na sani), ko kuwa gidan ya ɗan fi lambun tudu, to ka daure ka sayi mai milimita 40. Kuɗin haƙa rami ɗaya ne ko wane fayif ka sa a ciki.

Yanzu sai irin fayif. Uku ne za ka tarar a kasuwa da suka shafi aikinka.

Akwai na ƙarfe, wanda iyayenmu suka sani tun zamanin En'e. Yana da ƙarfi, amma yana da tsada da nauyi, kuma in ya daɗe a ƙasa tsatsa na cinsa ciki da waje, hanyar ruwan ta riƙa tsukewa, ruwan ya fito ja-ja. Wurin amfaninsa shi ne inda fayif zai fito sarari, kamar saukowa daga tanki da kuma tsayuwar famfo a tsakar gida, inda rana ke duka, akuya ke soshe-soshe, yara ke lilo.

Akwai PVC, irin wanda ka saya bara. Ba shi da laifi in an samu mai kauri na ainihi. Matsalarsa biyu. Ta farko, sanda-sanda ake sayar da shi, kowace kusan mita 6, wato a tafiyar mita 300 za ka yi haɗi wajen 50, kowane haɗi kuwa wuri ne da yoyo zai iya farawa. Ta biyu, ba ya lanƙwasa, in ƙasa ta motsa ko nauyi ya danne shi sai ya tsage. Sannan a yi hattara, akwai siririn fayif da aka yi don sa wayar lantarki, akwai kuma na zubar da ruwan wanka, dukansu ba a yi su don ɗaukar matsin ruwa ba, amma wasu masu shago za su miƙo maka su don sun fi arha. In dai PVC za ka yi amfani da shi, a haɗa da soket da gam ɗinsa, a goge bakin ya bushe tukuna. Abin nan da wasu ke yi na gasa bakin fayif da wuta don ya buɗe a cusa ɗan'uwansa, wallahi ɓarna ce, wurin da wutar ta taɓa shi ne zai fara fashewa.

Na uku shi ne baƙin fayif na roba mai zuwa a naɗe, wanda ake kira HDPE. Don aiki irin naka, shi na fi so. Naɗi ɗaya yakan kai mita 100, ka ga naɗi uku sun kai ka gida da haɗi biyu kacal a tsakani. Yana lanƙwasa ya bi kwana, ba ya tsatsa, kuma a wuraren da ƙasa ke darewa da rani ta kumbura da damina, kamar ƙasar firgi ta Borno ko lakar fadama, shi ne ke jurewa. Ba a haɗa shi da gam, gam ba ya kama shi. Yana da nasa mahaɗai masu zare da zoben roba a ciki, ana ɗaure su da hannu.

To amma baƙin fayif ma suna suka tara. Akwai wanda ake yi da tsoffin robobi da aka narke, mai laushi, na ban-ruwan lambu, wannan bai dace da ruwan sha ba. Ka duba jikin fayif ɗin da idonka. Na kirki za ka ga an buga masa rubutu a jere: sunan kamfani, faɗinsa, da wata lamba kamar PN6, PN10 ko PN16, galibi kuma da shuɗin layi a jikinsa alamar na ruwan sha ne. Ka nemi tambarin NIS na hukumar kula da ingancin kayayyaki, wato SON. Wanda babu rubutu ko ɗaya a jikinsa, bar musu abinsu. Ita lambar PN tana nuna matsin da fayif zai iya ɗauka, PN10 na nufin matsin ruwa mai tsayin kusan mita 100. Za ka ce to ai tankina mita 6 ne, me ya kai ni? Dalili shi ne kaurin jiki, wanda ke kare shi daga dutse da haƙorin gafiya. Kuma an auna lambar ne a kan ruwa mai sanyin digiri 20, a zafi irin namu ƙarfin yana raguwa. Wata rana ma kana iya haɗa layin kai tsaye da injin. Sayi PN10 ka huta.

Sai batun rami. A Turai da arewacin Amurka suna binne fayif da zurfi sosai don kada ruwan ya daskare da sanyi ya fasa shi. Mu nan ba mu da wannan damuwa, tamu ita ce garma, fartanya, ƙafar amalanke, tarakta, da zafin rana. A inda ba a noma, ƙafa 2 ya isa, wato santimita 60. A cikin gona da inda ababen hawa ke bi, a kai ƙafa 3. Inda layin zai tsallaka hanyar amalanke ko mota, a zura shi cikin wani fayif babba na ƙarfe ya zame masa riga. A tuna zaizayar ƙasa: gefen kwari ko hanyar da ruwan sama ke bi, abin da ka binne bana yana iya fitowa fili baɗi, don haka a ƙara zurfi a nan ko a kauce.

A share gindin ramin, kada a bar tsakuwa mai kaifi ko saiwa. In ƙasar marmara ce, a shimfiɗa yashi kamar faɗin tafin hannu, a ɗora fayif, a sake rufe shi da yashi ko ƙasa mai laushi kafin a tura sauran. Baƙin fayif yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, a mita 100 bambancin na iya kai taƙi guda. Don haka kada a ja shi ya yi tsam kamar tsirkiya, a bar shi ya ɗan yi kwana-kwana a cikin ramin, kuma a rufe da sassafe ko da yamma, ba da rana tsaka ba. In aka tashi aiki ba a gama ba, a toshe bakin fayif, don ƙasa da ƙadangare da kwaɗo ba sa neman izini.

Ga wani abu da ba ka tambaya ba, amma ya fi duk sauran muhimmanci a wurina. Kada layin ya ratsa kusa da masai, ko kwatami, ko turken dabbobi, a ba su tazarar akalla mita 3, in an samu fiye ma ya fi. Mutane na cewa ai fayif a rufe yake. Gaskiya ne, muddin yana cike da ruwa. Amma ranar da tanki ya ƙare, ruwan da ya rage a ciki ya gangara, fayif yakan zuƙo abin da ke kewaye da shi ta duk inda yake da 'yar kafa. Ta haka ƙwayar amai da gudawa ke shiga randar mutanen da ke ganin ruwan rijiyarsu tsarkakakke ne. Haka kuma a nisanci inda ake zubar da fetur ko gas, kamar gindin injin niƙa ko janareta, domin mai yana iya ratsa jikin baƙin fayif ko da bai fashe ba, ruwan ya riƙa wari.

Kada ka bari a rufe ramin gaba ɗaya sai an gwada. A tura ƙasa a tsakiya, a bar wuraren haɗi a buɗe, a saki ruwa ya wanke ciki har ya fito garau, sannan a kulle famfo a bar shi ya kwana a cike. Da safe ka bi da kanka, ka shafa kowane haɗi da hannu. Sai ka ga a bushe sannan ka biya mai aiki cikon kuɗinsa. A sa makulli ɗaya a gindin tanki, ɗaya a bakin gida, kowanne a ɗan gina masa akwati da murfi. In hanyar ta hau tudu ta sauka, iska kan maƙale a ƙololuwar ta tare ruwa, sai a sa abin fitar da iska a wurin, mai aikin famfo ya san shi.

Saura maƙwabcinka. Malam, ka yi mini haƙuri, amma garmarsa ba ta yi laifi ba, a gonarsa take aikinta. In da hali, layin ya bi iyakar gona ko gefen burtali, ko da zai ƙara maka mita 20 ko 30. In kuwa dole sai ya ratsa gonarsa, ka je ka same shi tun kafin a sa diga a ƙasa, ku zauna gaban mai unguwa da shaidu, a rubuta a takarda cewa ya yarda, da inda layin ya bi, da wanda zai gyara in ya lalace. Gona tana canja hannu, magada kuma ba su san alkawarin baki ba. In za ka iya fitar masa da ɗan famfo a gefen gonarsa, ka samu mai gadin layinka kyauta. Kai ma ka zana hanyar a takarda, kamar "taku 12 gabas da tsamiya", ka kafa duwatsu ko turaku na siminti, don nan da shekara biyar kai kanka za ka manta.

Lokacin aikin kuwa yanzu ne, bayan an kawar da amfanin gona, kafin ƙasa ta gama ƙeƙashewa. In ka bari sai bazara, masu haƙa za su ninka maka kuɗi, kuma za su yi maka ƙwauron zurfi. Ka yanki sanda mai tsawon ƙafa 3 ka riƙa bin ramin da ita kana aunawa.

In ruwan ya iso gida, Malam, ka rubuto mana mu ji minti nawa jarka ke yi kafin ta cika.