"Bai Isa Ba": Ma'anarsa da Yadda Ake Amfani da Shi



Kalmar da za mu duba yau ita ce "isa", musamman idan aka kore ta aka ce "bai isa ba". Tushen ma'anarta shi ne kaiwa inda aka nufa, kamar a ce mota ta isa Rogo. Daga nan Bahaushe ya mai da ita mudun awo. Idan magidanci ya leƙa rumbu ya ce hatsi bai isa ba, nufinsa ba zai kai iyali kaka ba.

Madatsar ruwa ta Challawa da ke ƙasar Karaye, wadda aka kammala a 1992, ta haɗa ma'anonin biyu. Ruwan da ke cikinta ya isa, har sakinsa ake yi ya gangara Haɗeja. Amma manomin da gonarsa ke kan tudu, nesa da gaɓa, damina yake jira. A wurinsa ruwan bai iso ba, kuma wasali ɗaya ne ya raba zancen biyu.

Inda kalmar take da kaifi shi ne idan aka ɗora ta a kan mutum. "Ba ka iya ba" tana barin ƙofar koyo a buɗe. "Ka kasa" ko "ka gaza" shaida ce cewa an gwada. "Bai dace ba" kuwa hukunci ne a kan aiki, mai aikin yana nan da mutuncinsa. Amma "ba ka isa ba" matsayin mutum take aunawa, shi ya sa yaro ba ya faɗa wa babba ita, kuma ta sha raba zumunci wajen neman aure.

Gari ma akan auna shi da wannan mudu. A 2019 aka ba Karaye sarki mai daraja ta ɗaya. A 2024 aka rushe masarautar, aka sake kafa ta da daraja ta biyu, mai ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. A ganinmu, wanda ya ce Karaye ba ta isa ba a wannan muhawara ya ɗauki kalma mafi nauyi fiye da buƙatarsa. Idan tsarin yake suka, "bai dace ba" ta ishe shi, kuma ba zai ɓata wa mutanen garin rai ba.