Hirar Dare a Zango: Daga Gidan Rawa Zuwa Ihun Ɓarawo

Duk wanda ya taɓa zama a zango, ko a Nima ne, ko a Sabon Zango na birnin Akra, wanda mutanenmu suke kira Ankara, ko kuwa a zangon Kumasi, ya san akwai wata makaranta da ba ta da allo, ba ta da malami, ba a kuma buɗe ta sai bayan sallar lisha. Ita ce majalisar ƙofar gida, inda ake jera benci biyu ko uku, a ɗora butar ataya a kan gawayi, dattawa su zauna, samari su tsuguna a gefe suna fifita wuta. Ba wanda yake zuwa da magana a shirye. Bafillace ya tsokani Babarbare, Bakano ya kira Bazazzagi bawansa, a yi dariya, a zuba shayin fari. Amma idan mutum ya daɗe yana halarta, zai lura hirar tana da hanya guda wadda take bi kusan kullum, kamar akuyar da ta san gida. Takan soma da daren da, ta ratsa ta kan ɓarayi, ta ƙare a kan dukan da aka yi musu. Wannan hanya nake so mu bi a yau, mu ga inda take kai mutum.

Su dai dattawan nan da ba ka ganinsu yanzu sai da carbi a hannu, su ne samarin shekarun 1960 da 1970. An ce dare mahutar bawa, to amma a Akra ta wancan zamani dare bai hutar da saurayi ba. Kiɗan hailaif yana tashe, E. T. Mensah da ƙungiyarsa ta Tempos sun riga sun yi suna, gidajen rawa irin su Tip Toe da Lido suna cika maƙil ranar Asabar. Wanda aljihunsa bai kai ba ya tafi silima, ko Dunia da ke nan cikin Nima, ko Orion, ya kalli fim ɗin Indiya har sau uku, ya fito yana rera waƙar da bai san ma'anar kalma ɗaya a cikinta ba. Akwai masu tuna ranar 6 ga Maris 1971, lokacin da Wilson Pickett da Ike da Tina Turner suka zo daga Amurka suka yi wasa a dandalin Black Star, aka kwana ana abu ɗaya. Idan ka ƙidaya waɗanda suke cewa sun halarci wasan nan a gaba-gaba, kusa da makaɗa, sai ka ɗauka ba wanda ya tsaya a baya.

A nan ne ba'a take kankama. Sai ka ji wani ya dubi liman mai furfura ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ba kai ne mai wandon nan mai faɗin ƙafa ba, wanda yake share titi kafin ma'aikatan shara su fito?" Shi kuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah, jikokina suna ji." Wani ya tuno yadda ake fita daga gida da babbar riga don idon tsoho, a tuɓe ta a ɗakin aboki a sa kwat, da asuba a komo a mai da ita, a shiga sahu kamar ba a yi kome ba. Samarin yanzu suna sauraro baki buɗe, don ba su taɓa zaton kakanninsu sun san hanyar gidan rawa ba.

Wannan dare ya mutu, an kuma san abin da ya kashe shi. Bayan juyin mulkin da Rawlings ya yi ranar 31 ga Disamba 1981, an kafa dokar hana fita da dare wadda ta daɗe har cikin 1984. Gidan rawa ba ya rayuwa da rana. Makaɗa suka watse, wasu suka nufi Nijeriya, wasu Jamus, wasu suka shiga coci da kayan kiɗansu. Daga baya bidiyo ya zo ya ƙarasa gidajen silima, da yawa daga cikinsu suka koma wuraren ibada ko ɗakunan ajiyar kaya.

To, duk inda dare ya yi albarka, ɓarawo ma yana da rabonsa, shi ya sa hira ba ta daɗewa a gidan rawa sai ta faɗa kan 'yan sane. Ƙofar silima ita ce gonarsu, musamman lokacin turereniyar sayen tikiti. Akwai mai ɗauke takalma a masallaci ran Juma'a, wanda yakan zo da silifa tsohuwa ya koma da sabon kufta na ƙafa, in ji masu ba'a. Akwai mai kwashe wanki daga igiya, da ɓarawon kaji, da na awaki ana gab da babbar salla. Kowace majalisa tana da nata labarin, kusan kuwa iri ɗaya ne ko'ina: an kama wani da akuya cikin dare, aka rataya masa igiyarta a wuya, gari ya waye aka zaga da shi lungu lungu, yara suna binsa suna tafi. Mai ba da labari ya kwaikwayi tafiyar ɓarawon, ya kwaikwayi kukan akuyar, a yi ta dariya har wani ya ƙware da shayi. Daga nan sai wani ya rufe da cewa, "Ai rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Da haka ake yi musu yanzu, da an huta."

Wannan magana ta ƙarshe ita ce ta dame ni, domin mai faɗinta ya manta da rabin labarin da shi da kansa ya bayar. Ba na cewa hukuncin unguwa na da mai taushi ne. An yi bulala, an fasa baki, an kuma zalunci waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Amma a saurari labarin da kyau. Ɓarawon akuyar nan yana da suna, kowa ya san ɗakin da uwarsa take. Zagayen da aka yi da shi ya ƙare ne a ƙofar mai unguwa ko ta sarkin zango, inda aka aika aka kira ubansa, ko maigidan da ya sauke shi, aka tambayi mai akuya shaidarsa, aka yanka abin da za a biya. Abin da ya fi yi masa zafi kunya ce, don gobe zai sayi koko da ƙosai wurin matar da ta gan shi da igiya a wuya. Kuma kusan kullum akwai wani dattijo da yakan ratsa taron ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa haka, ɗan wane ne." Wannan kalma, ɗan wane ne, ita ce take tsayawa tsakanin horo da kisa. Sau da yawa ma idan ka bi diddigi, sai a nuna maka ɓarawon labarin, ga shi can ya tsufa yana da shago, ana sayen sukari a wurinsa.

Abin da ake yi yanzu a tashoshin mota da kasuwannin manyan birane wani abu ne dabam, ko da yake da ihu ɗaya ake fara su. A Legas a ce "ole", a Akra a ce "julo", a Kano a ce "ɓarawo". Wanda ya fara ihun watakila ya ga wani abu, watakila kuma bashi ne ya haɗa su, ko kishi. Na biyu bai ga kome ba sai mutum yana gudu. Na goma bai ga ko gudun ba, taro kawai ya tarar, ya ɗauki dutse. Kafin a ce me, an kawo taya da fetur. Ba mai tambayar abin da aka sata, ba mai neman mai kayan, kuma idan ƙura ta lafa ba wanda ya yi kisa, don kowa dutse ɗaya ya jefa.

Masu kare wannan al'ada suna da hujja, ba kuwa hujjar banza ba ce. Sukan ce ka kai ɓarawo ofishin 'yan sanda, kafin ka iso gida ya riga ka, har ya tsaya a bakin lungu yana yi maka murmushi. Sukan ce shari'a tana cin shekaru, talaka ba shi da kuɗin mota na zuwa kotu sau ashirin saboda wayar hannu ɗaya. Duk wanda aka taɓa yi wa sata ya san wannan takaici. Ni kuma ina ƙara cewa hukumomi da kansu sun koya wa jama'a cewa hukunci abin kallo ne. A Legas, a farkon shekarun 1970, a bakin teku ake harbe 'yan fashi, dubban mutane suna kallo, kamar yadda aka yi wa Ishola Oyenusi a 1971. A Akra kuwa, a 1979, sojoji sun yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a bisa zargin ɓoye kaya da tsauwala farashi, suka kuma rushe kasuwar Makola. Yaron da ya ga mai kaki yana hukunci ba tare da alƙali ba, idan ya girma ba zai ga dalilin da zai hana shi ba.

Sai dai takaici ba ya mai da zato ya zama shaida. Ko a shari'ar Musulunci, wadda wasu suke fakewa da tsananinta, ba a yanke wa ɓarawo hukunci sai a gaban alƙali, da shaidu biyu adalai ko iƙirarin mai laifi, sai kayan sun kai nisabi, an kuma ɗauke su daga ma'ajiyarsu. Shubuha kaɗan tana kawar da haddi. Ba kuma inda aka ce a kashe mai satar akuya, balle a ƙone shi.

Mutanen Gana sun ga ƙarshen wannan hanya ranar 29 ga Mayu 2017. Wani hafsan soja, Kyaftin Maxwell Adam Mahama, wanda aka girke da sojojinsa a yankin da ake haƙar zinariya, ya fita motsa jiki da safe cikin farin kaya, ya bi ta kusa da garin Denkyira-Obuasi. Ya tsaya sayayya wurin wasu mata a bakin hanya, suka hangi ƙaramar bindiga a jikinsa, labari ya shiga gari cewa ga ɗan fashi. Aka taru aka kashe shi da duwatsu da sanduna, wasu suna ɗaukar hoto da wayoyinsu. Hotunan nan su suka zama shaida daga baya. An ƙara masa girma zuwa Manjo bayan rasuwarsa, an kafa masa mutum-mutumi a Akra, a watan Janairu na 2024 kuma kotu ta ɗaure mutum 12 rai da rai. An yi wannan duka domin hafsa ne, ƙasa ta san shi. Kafin wannan, a watan Oktoba na 2012, an yi wa ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal irin wannan kisa a Aluu bisa zargin sata, sai a 2017 aka yanke wa mutum uku hukunci, ɗaya daga cikinsu ɗan sanda ne. Waɗanda ba su da kaki, ba su da jami'a, akasari ba a ko rubuta sunayensu.

Wane ne taro yake kashewa? Wanda ba a sani ba. Mutumin da harshensa ya bambanta, tufafinsa suka bambanta, wanda idan ya buɗe baki don ya kare kansa ba mai fahimtar abin da yake faɗi. A nan ne maganar ta zo kanmu, mu da muke zaune a ƙasashen mutane, ko muke yawon fatauci da ci-rani. Kalmar zango kanta masaukin matafiya take nufi. Dattawan majalisa ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su bar Gana, aka wayi gari wanda aka haifa a Kumasi ana tambayarsa ina ne garinsu. A cikin Nima kowa ɗan wane ne. Amma mai dariyar nan da yake cewa a ƙone ɓarawo, ya hau mota ya yi tafiyar sa'a uku, ya sauka a ƙauyen da ba a jin Hausa da buhu a kafaɗa, shi ne mutumin da ba a san ubansa ba. Haka mai gyaran takalmi, da mai tallan agogo, da mai sayen ƙarafa, da mai gadi.

A ƙarshen watan Maris na 2025, ana saura kwana kaɗan ƙaramar salla, wasu mafarauta Hausawa suka taso daga wajen Fatakwal cikin babbar mota za su Kano yin salla a gida. A garin Uromi na Jihar Edo 'yan banga suka tare motar, suka ga bindigogin farauta irin na gargajiya, aka ce ga masu satar mutane. Yankin kuwa yana fama da satar mutane, jama'a a tsorace suke, suna da irin takaicin da na ambata ɗazu. Ba a kai su gaban kowa ba, ba a kuma tsaya jin ta bakinsu ba. Mutum 16 aka kashe aka ƙone a bakin titi, wasunsu daga ƙauyen Torankawa na ƙaramar hukumar Bunkure, inda iyalansu suke jiransu da ɗinkin salla.