Kiwon Kajin Gidan Gona: Nama Mai Kyau Tun Daga Akurki Yake Farawa

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

  

Da yawa daga cikinku kuna aiko da kuɗi gida domin a saya wa iyaye mata da ƙanne 'yan tsakin gidan gona su kiwata, su sayar da Sallah. Wannan zumunci ne abin yabo. Sai dai daga Tambuwal zuwa Dogon Daji, daga Kebbe zuwa Kuchi, ana yawan jin kukan masu saye cewa naman ya yi tauri, ko ya yi ruwa-ruwa, ko yana warin magani. Wanda kuwa ya sha wannan sau ɗaya ba ya dawowa.

Ni ma na ɗanɗana. Bayan na ajiye alli, na zuba kaji hamsin, na ƙi sayarwa har suka kai mako goma, wai su ƙara nauyi. Jikokina kuma kullum suna koronsu a tsakar gida. Ranar da wani maƙwabcina ya yanka biyu, sai ga tsokar da ke manne da ƙashin ƙirji ta zama kore. Ya dawo mini da su cikin kwano, kunya ta rufe ni. Garin neman ƙiba na samo rama.

Wani likitan dabbobi ne ya warware mini dalili. Kazar gidan gona an tsara ta ne ta isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Idan ta yi nauyi, aka firgita ta tana fuffuka, tsokar cikin ƙirji takan kumbura a wurin da ba ta da sarari, jini ya daina ratsa ta, ta mutu tun kazar tana da rai. Daga waje ba a ganin komai. Haka nan saurin girma yana jawo taurin ƙirji da farin zane a jikin nama. Saboda haka a sayar a kan lokaci, a hana yara da karnuka shiga akurki.

Na biyu shi ne abinci. Masara ko tunkuzar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar da ke lalata hantar kaza. A 1960, irin wannan guba a cikin tunkuzar gyaɗa ta kashe talotalo kimanin 100,000 a Ingila. Arahar abincin da ya sha danshin damina asara ce.

Na uku, zafi da tsabta. Kun san bazararmu, daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40. Kazar da ta wuni tana haki namanta yakan fito fari, mai zubar da ruwa. A rage cunkoso, a buɗe wa iska hanya, a ajiye ruwan sha a inuwa, a ba da abinci da sassafe da yamma. A shimfiɗa ɓuntun shinkafa busasshe, a sauya da zarar ya jiƙe, domin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ce ke ƙona ƙirji da ƙafafu.

Na huɗu, magani. Kowane magani yana da kwanakin da aka rubuta a jikinsa waɗanda dole a jira kafin yanka. Wanda ya ba kaza magani yau ya sayar gobe ya ciyar da 'ya'yan mutane ragowarsa, kuma wannan cin amana ne. A yi rigakafin Gumboro da Lasota a kan kari, a bar magani sai da shawarar likita.

Na ƙarshe, ranar yanka. A janye abinci awa 8 zuwa 12, a bar ruwa, domin kada hanji ya fashe ya ɓata nama. A kama su da asuba, a rungumi jiki, kada a fizgi fiffike, kada kuma a rataye su a babur cikin rana. Addininmu ya hore mu da wasa wuƙa da tausaya wa abin yanka. A bari jini ya tsiyaye, a fige da ruwa mai zafi wanda bai tafasa ba, a gyara a sanyaya da wuri.

Ina roƙon ƙungiya ta gayyato likita daga Tsangayar Likitancin Dabbobi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya yi wa matanmu bita kafin zubin kajin Sallah. Ku kuma mazauna birni, idan kun aiko da jari, ku biyo shi da tambaya: makon kajin nawa, me suke ci, yaushe aka daina ba su magani?

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.